Shekara biyu a ƙauye, da daɗinsa da ɗacinsa

Ranar da na faɗa ma abokaina zan tattara iyalina mu koma ƙauye da zama dariya suka dinga yi, wani har da rantsuwa wai wata uku ya ba ni zan dawo da ƙafata. Toh yau shekara biyu da wata huɗu kenan ban dawo ba, amma kuma ƙarya ne in ce kullum cikin jin daɗi nake.

Abun da ya kore ni daga birni ba wani abu ba ne illa haya da cunkoso, kusan awa uku nake ɓatawa a hanya kullum, in fita yara na barci in dawo sun yi barci. Aikina kuma na kwamfuta ne, in dai akwai wuta da intanet ko a ina zan yi shi. Haka na yi lissafina a takarda, kuma a takardar komai ya tafi daidai.

Daren farko kasa barci na yi, saboda shiru. Wallahi ban san shiru na da ƙara ba sai ranar, babu hon babu janaretan maƙwabta, sai kukan ƙwari da wani kare can nesa. Na fito tsakar gida na ɗaga kai, sai ga taurari birjik kamar an watsa su, ni da na manta rabon da in gan su saboda hasken fitilun birni ya danne su. Bayan sati ɗaya barcin ya dawo, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Awa ukun nan ta hanya kuma ta dawo aljihuna, da ita nake ɗan noman bayan gida da zama da yara.

Sai kuma lissafin takarda ya fara warwarewa. Sabis ɗin waya wuri ɗaya yake kamawa sosai, kan wani ɗan tudu bayan gari, don ƙarfen sabis ɗin yana da nisa kuma bishiyoyi da tuddai na tare sigina. Wata biyu ina hawa tudun nan da kwamfuta a hannu kamar mai neman ganin wata, kafin na gane in kafa eriya a kan dogon ƙarfe in jawo waya zuwa ɗaki. Wuta kuma sola na saka, a nan na yi wautar da har yau take min ciwo. Batir mai ruwa na saya, ina tatse shi kullum har ya mutu murus, ashe irinsa ba a so ya sauka ƙasa da rabin caji, cikin wata takwas ya daina riƙe komai. Ga ƙura da ke rufe faifan solar, in ba ka goge ba wutar ta ragu kana ta zargin mai haɗawa a banza. Kuma arhar da ake ta zuzutawa rabi ce, haya kam da sauƙi sosai, amma duk abin da sai an kawo daga gari, daga fitila har magani, kuɗin mota na kansa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, abun da ya fi ba ni wahala mutane ne. Gari ne da gidajensa ba su kai ɗari ba, kowa ya san kowa, ya san lokacin da ka fita da wanda ya zo wurinka da abin da ka shigo da shi a leda. Na taɓa sayo katifa, kafin a sauke ta daga mota labari ya zaga wai baƙi za mu yi. Akwai wani dattijo maƙwabcina da kullum yana zaune a ƙofar gida, ba zan wuce ba sai ya ce, "Malam, ina zuwa da rana haka?" Da farko haushi nake ji, in ce a raina ina ruwanka Baba, a birni shekara shida na yi ban san sunan wanda muke katanga ɗaya ba kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Sai daren da 'yata ƙarama ta yi zazzaɓi mai zafi har ta fara jijjiga, wajen ƙarfe ɗaya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗan ɗakin shan maganin garin a rufe, asibitin da ke da likita kuma kusan kilomita arba'in, hanyar duk ta zama taɓo motata ko ƙofar gari ba za ta kai ba. Ina tsaye na rasa abin yi sai na ji ana buga ƙofa, Baba ne, ya ga hasken tocila na kai-kawo a gidana a lokacin da bai saba gani ba. Bai tsaya dogon tambaya ba ya taso ɗansa da babur, wasu samari biyu suka biyo mu da nasu, inda ruwa ya yanke hanya suka ɗaga babur ɗin da hannu. Awa biyu muka yi kafin mu kai. Ta warke, alhamdulillahi, amma awa biyun nan ina rungume da ita ina jin zafin jikinta ta cikin rigata, ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana. Idon nan da nake jin haushinsa shi ya hango tocilata, kuma nisan nan da ke ba ni barci mai daɗi shi ya kusa raba ni da yarinya.

Tun daga ranar na daina yi ma masu barin ƙauye kallon marasa godiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma ana hasashen su kai kashi 68 nan da 2050, ni dai a ƙofar gidana nake ganin wannan lissafin, biyu daga samarin da suka ɗaga babur ɗin nan sun tafi neman aiki, an bar tsofaffi da yara. Wanda ya zo da aikinsa a jaka irina daban, wanda aka haifa a nan ba shi da komai sai gona daban.

Yanzu dai akwai ma'aunin zafin jiki da maganin zazzaɓi a gidana kodayaushe, na sayi babur kuma ba ya kwana ba mai a tanki, lambobin masu abin hawa na rubuta su a bango don waya na iya mutuwa. Maganar da ba mu gama ba ni da uwargida ita ce makaranta, babban ɗanmu zai gama firamare baɗi kuma babu sakandare kusa. Ita ta ce mu koma, ni ina ta ja da baya. Jiya ma mun taɓa zancen da daddare a tsakar gida, muryarmu ƙasa-ƙasa, da safe ina fitowa Baba ya ce, "Malam, ashe tashi za ku yi ba ku faɗa mana ba?"