Daga aikin kwamfuta zuwa aikin jinya

Na daɗe ina kula da kwamfutoci da layukan intanet a wani kamfani, amma tun da aka fara rage ma'aikata ana miƙa ayyukanmu ga 'yan kwangila, tunanin komawa aikin jinya ya ƙi barina. Abin da ke jan hankalina shi ne ma'aikacin jinya ba ya rasa inda ake buƙatarsa, kuma yana ganin amfanin aikinsa da idonsa.

Sai dai hanyar tana da nisa. Digirin jinya a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya shekara 5 ne, sannan a ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kuma babu wanda zai yi aikin sai ya ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya karɓi lasisi. Dole kuma in karkaɗe littattafan kimiyyar halittu da ta sinadarai, waɗanda rabona da su tun sakandare. Ga mai iyali, shekara 5 babu albashi ba wasa ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nauyin rayuka. Idan na'ura ta tsaya, nakan kashe ta in sake kunnawa, amma a ɗakin majinyata da ƙarfe 3 na dare, ana auna hawan jini, ana sauya ledar ƙarin ruwa, ana lallashin dangin da hankalinsu ya tashi, kuskure ba ya gyaruwa da sauƙi haka. Saboda haka, kafin in sayi fom ɗin JAMB, zan fara zama da waɗanda suka daɗe suna kwanan aiki a asibiti in ji daga bakinsu.