Shirin da na yi kan Lord Carrington, da gadar da ta hana ni barci

Ni fa da na zauna haɗa shirin tarihi kan Lord Carrington, murabus ɗinsa na 1982 kawai na sa a gaba. Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya ran 2 ga Afrilu, ran 5 ga wata mutumin ya ajiye kujerar ministan harkokin wajen Birtaniya ba wanda ya kore shi. Kuma da yake ɗan majalisar sarakuna ne, ya gaji sarautar babansa tun 1938 yana ɗan shekara 19, ba shi da ikon shiga majalisar wakilai ya kare kansa, ana ta yayyaga shi yana waje. Wannan ɓangaren ya tafi sumul, haka zancen karatunsa a makarantar soja ta Sandhurst da shugabancin NATO daga 1984 zuwa 1988.

Gadar Nijmegen ce ta ɗaure min kai wallahi.

Ran 20 ga Satumba 1944 ne a garin Nijmegen na Holan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin laima na Amurka suka tsallaka kogin Waal da gadar ke kansa da rana tsaka a 'yan kwale-kwalen tamfol, Jamusawa na ta yi musu ruwan wuta, aka kashe da yawa. Da yamma tankokin rundunar Grenadier Guards ta Birtaniya suka haye gadar, Saje Peter Robinson a gaba, Carrington yana kyaftin ya biyo baya, a nan ya samu lambar jarumta ta Military Cross. To sai tankokin suka tsaya cak, alhali 'yan uwansu sojojin Birtaniya na can garin Arnhem an ritsa da su, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba.

Ka karanta Turawan Ingila ka ga jarumi, ka koma wajen Amurkawa ka ga mutumin da ya tsaya jiran oda ana mutuwa. Wani hafsan Amurka, Moffatt Burriss, har cewa ya yi ya ɗora masa bindiga a ka don ya wuce, shi kuma Carrington ya ce sam bai san an yi haka ba. Dukkansu har suka mutu kowa na kan bakansa.

Sai na kawo duka biyun a shirin, kuma abin da ya jawo min surutu kenan. Wani ya ce ina wanke ɗan mulkin mallaka, wani ya ce na ci mutuncin soja don neman masu kallo, har yanzu in na tuna raina sai ya ɓaci, don ba wanda ya saurari inda na yi bayanin hanyar. Hanya ce guda ɗaya tal a kan tudu, hagu da dama fadama, tanka a kanta ko makaho ya harbo ta, ga dare ya yi, tankokin 'yan ƙalilan, sojan ƙasa masu rufa musu baya suna can suna fama cikin gari. Ni dai da na ga taswirar nan na daina ganin laifinsa, amma kuma ba zan ce wa wanda ya bar abokansa a ruwa kada ya yi fushi ba.

In za ka taɓa labarin yaƙi irin wannan, fara buɗe taswira kafin ka karanta kowa, kuma ka sa ta a allo tun farkon shirin. Tawa a minti na ƙarshe ta fito, lokacin masu zagin sun riga sun rubuta nasu sun tafi.