Lamba 35 da takardar da ke kan teburi

Asabar da dare, Kansas City.

Tun daren Laraba takardar nan take ajiye a kan teburin cin abinci, an danne ta da kwalbar zuma don kada iskar fanka ta ɗauke ta, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya kalle ta ya kau da kai. Takardar amincewar iyaye ce daga makarantar sakandaren babban ɗana, wadda sai na sa mata hannu kafin a bar shi ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wannan da ake rungumar ƙwallo a ruga da shi ana karo kamar raguna. Shafi uku ce, na ukun kuwa gaba ɗayansa bayani ne a kan buguwar kai da alamominta, wato jiri da amai da mantuwa da ganin abu bibbiyu. Ranar Litinin za a mayar da ita.

Sunan mahaifina yaron ya ci, shi ya sa nake ce masa Babana. Yau da safe bayan mun karya kumallo ya zauna kusa da ni, ya ce, “Abba, koci ya ce idan ka amince a baya zai sa ni, ni ne zan riƙa rugawa da ƙwallo.” Wannan gurbi shi Amurkawa suke kira ranin-bak. Mai shi yana tsayawa ne a bayan mai jefa ƙwallo, a danƙa masa ƙwallon a ciki, ya nemi ɗan wagegen da ƙartin gaba suka buɗe masa ya kutsa, yayin da mutum goma sha ɗaya na ɗaya ɓangaren ba su da wani buri sai su kai shi ƙasa. Da ya ga na yi shiru, sai ya ƙara da cewa, “Ai Okoye ma ɗan Najeriya ne, kuma shi sai da ya kai shekara 23 ya fara.”

Ba yau na fara jin sunan ba. A shekarun da na yi a garin nan, da wuya in faɗa wa wani dattijo cewa daga Najeriya nake bai washe baki ya ambaci Christian Okoye, tsohon ɗan wasan ƙungiyar garin nan, ba, har na saba da amsa gaisuwar da ba tawa ba. Sai dai ban taɓa zama na kalli wasansa da idon uba ba, don haka da hantsi na ce wa yaron ya tashi mu je gidan makwabcinmu, wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya daɗe yana cewa yana da kasa-kasan bidiyo na wasannin 1989 da ya naɗa da kansa.

Mun same shi a garejinsa. Kafin ya kunna komai sai da ya buɗe wata tsohuwar akwati ya fito da jar riga mai lamba 35, lambar da Okoye ya riƙa sawa, wadda jan nata ya koɗe har ya kusa komawa ruwan goro, ya miƙa wa yaron da hannu biyu. Yana neman kaset ɗin yana ba mu labarin da ni ma na san rabinsa. An haifi Okoye a Enugu ranar 16 ga Agusta, 1961, ke nan bai cika shekara shida ba yaƙin basasa ya ɓarke. Bai taso da wannan wasa ba ko kaɗan. Abin da ya kawo shi Amurka a 1982 shi ne wasannin jifa, jifan faifai da dunƙulen ƙarfe da guduma, a Jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya, inda ya ci kambun ƙasa na ƙananan jami'o'i har sau bakwai. Burinsa shi ne ya jefa wa Najeriya faifai a gasar Olamfik ta 1984, wadda za a yi a Los Angeles, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga makarantarsa. Da aka fitar da sunayen 'yan tawaga babu nasa.

A nan na tsayar da dattijon, domin wannan gaɓar ce ta fi taɓa ni a duk labarin. Mutum ya yi shekaru yana juyi a cikin da'irar jifa, ga gasar ta zo har ƙofar gidansa, ƙasarsa kuma ta wuce shi. Da yawa a cikinmu da mun haɗa kayanmu ko mun zauna muna jinyar takaici. Shi kuwa sai ya je wurin masu horar da ƙwallon makarantar ya nemi su koya masa wasan da abokan wasansa suka fara tun suna 'yan shekara bakwai ko takwas, ya koyi yadda ake riƙe ƙwallo, ya haddace sunayen dabaru, yana ƙato a cikin waɗanda suka girme shi a sani suka kuma gaza masa a shekaru. Shekara uku kacal bayan haka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 da aka kira. Na dubi Babana na ga idonsa yana ƙyalli, kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ma a lokacin na ji wani abu ya motsa a ƙirjina.

Sai kaset ya fara. Hoton yana rawa, launinsa ya dushe, amma ba a buƙatar a nuna maka Okoye da yatsa. Mutum ne mai tsawon ƙafa shida da inci ɗaya, nauyinsa ya haura kilo 110, ga kafaɗun sulke da suka ƙara masa faɗi, amma idan ya samu fili sai ka ga yana tsere wa waɗanda ba su kai shi jiki ba. Ba ya yawan kauce-kauce. Idan mai tsaro ya tare shi, sai ya rage tsawo ya shige shi, ka ga mutum ɗaya ya rataya a ƙugunsa, wani a cinyarsa, shi kuma ƙafafunsa ba su daina haƙar ƙasa ba har sai na uku ya zo. Daga nan ne ya samu laƙabin The Nigerian Nightmare, wato mugun mafarkin da ya zo daga Najeriya. A shekarar 1989, wadda ita ce farkon zuwan koci Marty Schottenheimer, mutumin da ya yi imani da a tura ƙwallo ta ƙasa har abokan karawa su gaji, Okoye ya fi kowa a gasar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, nisan gudu da ƙwallo, da yadi 1,480. Dattijon ya tuna mana cewa Barry Sanders na Detroit, wanda a shekarar ya shigo gasar, ya tsaya ne a yadi 1,470, kuma a wasan ƙarshe an ba shi damar komawa fili ya cike goman da ta rage, ya ce a bar abokansa su buga tunda an riga an ci wasa. Na ji daɗin da yaron ya ji wannan, domin irin halin da nake so ya gani ke nan a wurin manya.

Babana ya riƙe adadin yadin, ya maimaita shi har sau biyu. Ni kuwa wani adadin ne ya tsaya mini a rai. A wannan kakar sau 370 aka danƙa wa Okoye ƙwallo, kuma ban da 'yan lokutan da ya kai gidan ƙarshe, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, ko ya fita ta gefen layi, kowane ɗauka da faɗuwa yake ƙarewa, a ƙarƙashin ƙarti biyu ko uku. Na fara ƙirgawa a kaset ɗin, na ga yadda bayan kowane karo yake dafa ƙasa ya miƙe, ya koma cikin da'irar abokansa, bayan daƙiƙa talatin ko arba'in a sake ba shi. Na kai goma sha biyar na daina. Dattijon ya nuna mana kuma karon da kowa a garin nan yake tunawa ba da son ransa ba, na wani daren Litinin a 1990, lokacin da Steve Atwater na Denver ya tare shi gaba da gaba ya mayar da shi baya. Yaron ya ce, “Kai!” Ni gwiwoyin mutumin nake kallo. Okoye ya sake haura yadi dubu a 1991, aka sake zaɓensa cikin gwanayen shekara, amma kakar 1992 ita ce ta ƙarshe, ciwon gwiwa ya tsayar da shi yana ɗan shekara talatin da ɗaya. Kaka shida ke nan gaba ɗaya, yadi 4,897, ya kai ƙwallo gidan ƙarshe da gudu sau 40.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wanda ya biyo baya. Dattijon ya tsayar da hoton, ya ɗora yatsa a kan mutumin da ke tsakiyar layin gaba, wanda yake miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa a farkon kowane bugu, ya tambaye ni ko na san shi. Mike Webster ne. Bayan ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau huɗu da Pittsburgh Steelers, a Kansas City ya ƙarasa wasansa a 1989 da 1990, ke nan yana cikin waɗanda suka riƙa sa kai da kafaɗa suna buɗe wa Okoye hanya a shekarar da ya fi haskakawa. Bayan ya yi ritaya hankalinsa ya rikice, mantuwa da baƙin ciki suka kama shi, har ya kai yana kwana a cikin motarsa, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa a Pittsburgh, ya ƙi yarda da cewa ƙwaƙwalwar lafiya lau take don kawai ido bai ga komai ba, ɗan Najeriya ne shi ma, Dokta Bennet Omalu. Shi ne ya gano a cikinta alamun cutar da yanzu ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa sakamakon buguwa a kai a kai, ya wallafa bincikensa a 2005. Na daɗe da sanin sunan Omalu, na daɗe da sanin na Okoye, amma sai yau na gane cewa mutum ɗaya ne ya haɗa su, ga shi nan a tsugune a cikin hoton da ke rawa a garejin makwabcina. Garejin ya yi tsit na ɗan lokaci. Yaron ya ninke rigar a hankali ya mayar cikin akwatin.

A hanyar komawa gida bai ce komai ba sai da muka kai ƙofa. Ya ce, “Abba, to ai shi Okoye yana nan lafiya.” Gaskiya ya faɗa, kuma ban so in rufe gaskiyarsa da tsorona. Okoye yana nan da ransa, ya kafa gidauniya mai taimaka wa yara ta hanyar wasanni da karatu, ƙungiyarsa ta shigar da shi cikin jerin gwarazanta a 2000, kuma har yau yana zuwa garin nan ana tarbarsa kamar ɗan gida. Wasan ma ya canja, domin tun 2018 dokar NFL ta hana ɗan wasa ya sunkuyar da kai ya yi karo da hular kwano, kuma takardar da ke kan teburina ta ce duk yaron da aka yi zargin ya bugu a kai za a fitar da shi, ba zai koma ba sai likita ya sa hannu. Na faɗa masa duk wannan da bakina, sannan na faɗa masa cewa doka ba ta rage nauyin wanda zai faɗo maka a gwiwa.

Bayan la'asar na kai shi filin makarantar, inda ake gwada wa yara kaya. Na karɓi hular na juya ta a hannuna. Ta fi yadda nake zato nauyi, cikinta duk matasai ne masu taushi, ga igiyar haɓa mai maɓalli huɗu. Da ya sa ta, fuskarsa ta koma can ciki a bayan ƙarafan, sai idanu kawai nake gani, kuma idanun mahaifina ne sak. Na tambayi kocin yadda suke koya wa yara karo, ya kira wani yaro ya nuna mini, kai a sama, ido a kan ƙirjin abokin karo, kafaɗa ce take shiga. Na sa ya maimaita sau uku, bai nuna gajiya ba.

Da dare bayan sallar isha'i mahaifiyarsa ta zauna a gefena. Ita ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, “Maigida, yaron nan in ka hana shi zai bi maganarka, amma zuciyarsa tana can.” Na ba ta labarin Webster, na ba ta na sau 370. Ta yi shiru, sannan ta ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, abin da take so kawai shi ne yaron ya san da gudun kafin ya hango zomon. Na kira shi, na sa ya karanta shafi na uku da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, yana tuntuɓe a kan sunayen cututtukan. Sannan na gindaya masa sharuɗɗa biyu. Ba zai taɓa ɓoye mini ko ɓoye wa koci ba idan kansa ya yi jiri, ko da wasan ƙarshe ne na shekara, kuma ranar da likita ya tabbatar da buguwar kai ta biyu, ya gama, babu roƙo. Ya ce, “Na yarda, Abba.” Na ce ya faɗa wa mahaifiyarsa ma, ya juya ya faɗa mata.

Na ɗauke kwalbar zumar na sa hannu a wurare biyu, hannuna bai yi rawa ba amma na daɗe kafin in ajiye alƙalamin. Mahaifiyarsa ta dafa kansa ta yi masa addu'a. Akwai sauran takardar gwajin lafiya, don haka ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe zan kai shi wurin likita kafin in wuce aiki, kuma na rubuta a bayan ambulan ɗin cewa in tambaye shi a kan gwiwar hagu da yaron ya taɓa gurɗewa bara.