Wake da masara a kan teburin malam

Ni dai kafin semestar da muka yi siyasar Amurka, a tunanina maguɗi ranar zaɓe ake yinsa, a sace akwati ko a raba kuɗi a layi shi ke nan. Ranar nan malaminmu ya shigo aji da leda, ya zube wake 30 da masara 20 a kan tebur, ya ce mu raba su mazaɓa biyar goma-goma amma lallai masara ce za ta ci. Muka yi ta kame-kame, sai wata ƴar ajinmu ta tattara wake tara-tara a mazaɓa biyu ta jefa musu masara ɗai-ɗai, sauran ukun kuma masara shida wake huɗu. Masara ta ci uku, wake biyu, ba a saci ko ƙwaya ɗaya ba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Jerimanda kenan, wato shata iyakar mazaɓu yadda za ta fifita wani ɓangare, sunan daga Elbridge Gerry ya fito, gwamnan jihar Massachusetts da ya sa hannu a wata taswira a 1812 mai mazaɓar da ta lanƙwashe kamar ƙadangare. Duk shekara 10 bayan ƙidaya ake sake yanka mazaɓun majalisar wakilai mai kujeru 435, kuma a yawancin jihohi ƴan majalisar jiha ne ke shata iyakar, kura ce aka ba ajiyar nama. A Pennsylvania a 2012 ƴan Dimokurat sun fi yawan ƙuri'a amma kujeru 5 suka samu cikin 18, saboda yadda ƴan Rifablikan suka yanka mazaɓun. Su ma fa ƴan Dimokurat ɗin sun yi nasu a jihar Maryland, kar a ce ɓangare ɗaya ne.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne jami'ar North Carolina A&T da ke Greensboro, ta baƙaƙen fata, taswirar 2016 ta tsaga harabarta gida biyu, rabi mazaɓa ta 6 rabi ta 13, duka biyun ƴan Rifablikan suka ci. Ɗalibai ne kamar mu, ka tashi da sassafe ka bi layi ka dangwala alhali an gama lissafinka tun a ofis, ta yaya gwiwa ba za ta yi sanyi ba?

Na tambayi malam to ina kotu, ya ce a 2019 Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 kan 4 ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga idan don jam'iyya aka yi yankan. Na daɗe zaune bayan an tashi ina kallon waken nan tara-tara da aka tura gefen tebur.