Tsohuwar boilarmu da abin da ta koya min a kamfanin shinkafa

Na yi shekaru ina kula da injuna a wani kamfanin gyaran shinkafa a nan Kano, kuma duk cikin injunan da ke wajen babu wadda ta hana ni barci kamar boila, wato babbar tukunyar da ke dafa ruwa ta ba da tururi. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka injin casa shi ne zuciyar kamfani, to ba haka bane, tururi ne. Shanshera sai an jiƙa ta a ruwan zafi na awanni, a turara ta, sannan a busar da ita a diraya kafin ta je casa, kuma dukkan ukun nan boila ce ke ba su zafi. Ranar da ta tsaya kowa ya tsaya, kuma in ta tsaya alhali akwai shanshera a cikin tankunan jiƙo, kafin ka ce kwabo ta fara tsami tana wari, shikenan an yi asarar kaya.

Tamu ƴar Indiya ce, mai cin buntun shinkafa, irin wadda wuta ke bi ta cikin bututai ruwa yana kewaye da su. Tsohuwa aka siyo ta tun farko, kafin in zo wajen. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 shinkafar gida ta yi kasuwa, sai aka koma aiki dare da rana, motocin shanshera daga Kura da Haɗeja da Kebbi suna layi a bakin get, ita kuwa boila ba hutu. A nan ta fara nuna shekarunta.

Da farko ƙananan abubuwa ne, famfon da ke tura mata ruwa, gilashin da ake ganin matakin ruwa, gaskit na ƙofar shiga. Muka tuntuɓi kamfanin da ya ƙera ta suka ce sun daina yin wannan samfurin, dilan da ke kawo mana kaya daga Legas shi ma ya ce nashi sun ƙare. Ni kuma a lokacin ina ganin ai wannan shi ne aikina, in nemo hanya. Na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari har masu shaguna suka san ni, abin da ba a samu ba in kai wa masu sassaƙa ƙarfe da inji su yi min irinsa, bututun da ya fara yoyo mu toshe shi ta gaba da baya mu ci gaba. Alhaji mai kamfanin yana jin daɗi dan ban taɓa kawo mishi lissafi mai nauyi ba, ni ma ina jin daɗi ana cewa yaron nan ba abin da ke gagararsa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne kayan boila ba duka ɗaya bane, kuma ƙarancin kayan gyara bai isa shi kaɗai ya sa a yar da ita ba. Famfo, mota mai juya fanka, wayoyi, agogon furesha, waɗannan duk ba dole sai na kamfanin da ya ƙera ta ba, in ka samu wanda ƙarfinsa ya dace ka sa, lafiya lau. Amma akwai kayan da rayukan mutane ke rataye a kansu, bawul ɗin da ke sakin tururi da kansa in furesha ta wuce iyaka, da na'urar da ke yin ƙara in ruwa ya yi ƙasa, sannan uwa uba jikin tukunyar kanta. Waɗannan ba a yi musu dabara. Ni kuwa na haɗa su duka a kwando ɗaya ina kiransu kayan gyara.

Wanda ya farkar da ni wani dattijo ne da ke hura mata wuta, Baba muke ce mishi, ya yi aikin boila a masaƙun Kakuri a Kaduna kafin su durƙushe. Sifirin ɗin wannan bawul ɗin ya gaji yana sakin tururi tun furesha bata kai ba, sai na cire shi na kai aka naɗa min wani mai kama da shi, na dawo zan ɗaura. Baba ya riƙe min hannu ya ce ɗana, wa ya auna maka a nawa wannan zai buɗe? Na ce Baba ai girmansu ɗaya. Ya ce girma daban ƙarfi daban, in bai buɗe ba ranar da ake buƙatarsa ni ne a tsaye gaban wutar nan, kai kana ofis. Ya ce in na ɗaura shi zai ajiye aiki a ranar, kuma na san ba wasa yake ba, mutum ne mai iyali da yawa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na san a takarda cewa ruwan da ke cikin boila mai aiki a furesha ta bar 10 (bar shi ne ma'aunin furesha) zafinsa ya kai kusan digiri 180, kuma in tukunya ta tsage wani ɓangare na ruwan nan take yake komawa tururi, shi kuma tururi a sarari yana cin wajen da ya ninka na ruwa kusan sau 1,600, duk mun karanta wannan a makaranta, amma sai ranar na haɗa lissafin da fuskar mutum.

Muka tsaya kwana tara har aka samo bawul na gaske mai takardar gwaji. A cikin kwanakin nan na yi abin da ya kamata in yi tun shekaru biyu baya, na ɗauko littafin aiki na ƙirga kwanakin da boila ta tsayar da mu a shekara, na haɗa da shansherar da ta lalace a tanki, da albashin leburori da ke zaune, da kwastomomin da suka gaji da jira suka koma wani wajen. Da kuɗin gyara kawai nake kai wa Alhaji, shi ya sa kullum gyara yake fitowa da araha. Sannan muka kira masu duba boila masu lasisi, dama doka ta ce a riƙa dubawa lokaci-lokaci da kuma bayan duk wani babban gyara, suka auna kaurin ƙarfen da na'ura, suka cika ta da ruwa suka matsa sama da furesha ɗin da take aiki da shi. Sakamakon bai yi daɗi ba, farantin da bututan ke shiga ya zaizaye, akwai ƴar tsaga tsakanin ramuka biyu, ga bututan da muka toshe sun yi yawa shi ya sa take cin buntu kamar me amma tururin bai kai ba.

Kuma da aka buɗe cikinta sai ga farin dutse ya manne a jikin bututai. Ruwan bohol muke ba ta kai tsaye, na'urar tace ruwan da ake zuba wa gishiri ta lalace tun tuni ba wanda ya damu, har da ni. Wannan dutsen yana tare zafi, ƙarfe ya yi ta gasuwa ruwa bai sanyaya shi ba. Wato ba tsufa kawai ya kashe ta ba, mu ma da hannunmu a ciki, kuma da sabuwa muka kawo muka ba ta ruwan nan haka za ta bi sahu.

Zaman da na yi da Alhaji bai yi sauƙi ba. An saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500, kuma sabuwar boila da dala ake biya, ga kuɗin jirgi da na fito da ita daga Apapa da na ɗaurawa. Ya ce yanzu kai da ka saba gyarawa shi ne za ka zo min da wannan a irin wannan lokaci? Na ce Alhaji, ranka ya daɗe, duk abin da ke wajen tukunyar zan iya ci gaba da nemo maka, amma jikinta ba na sa hannu a yi mata walda a ci gaba da matsa ta, ga takardar masu dubawa, ga kuma lissafin kwanakin da muka rasa. Ya daɗe yana kallon lissafin kwanakin, ina ganin shi ya fi taɓa shi, dan bai taɓa ganin asarar a haɗe waje guda ba.

Bamu canza ta a take ba, ba kuɗin. Masu dubawa suka yarda a yi gyara a ƙarƙashin idonsu a rage mata furesha na ɗan lokaci, muka rage aiki, muka fara gyara na'urar tace ruwa, aka ba da odar sabuwa a kan a ɗaura ta da damina lokacin da shanshera ke ƙaranci kafin kaka. Wajen zaɓa na dage a kan abu ɗaya, irin wadda wasu kamfanonin shinkafa a Kano ke amfani da ita, wadda bawul da famfonta na gama-gari ne, kuma a haɗo da kayan gyaranta a kwantena ɗaya tun yanzu.

Da aka sauke tsohuwar wasu masu ƙaramin injin gumi suka zo suna taya ta da kuɗi mai kyau, za su hura ta a garinsu inda ba mai dubawa. Ni da Baba muka je wajen Alhaji tare muka roƙe shi kar ya sayar musu, ya yi shiru sannan ya ce to ku yi yadda kuka ga dama da ita. Muka sa mai walda ya yanke samanta yadda ba za ta ƙara riƙe furesha ba, yanzu tana bayan sito muna tara ruwan wanke fili a ciki.