Fitilar SRS ba ta kunnuwa a banza

Sana'ata wayarin mota ce, ina da ƙaramin gareji a Kano da yara masu koyon aiki. Yawancin motocin da ake kawo mana 'yan Kwatano ne, wasunsu sun taɓa yin hatsari a Amurka kafin a gyara su a turo. Shi ya sa aikin jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi karo, da na fitilarta ta gargaɗi mai suna SRS, ba ya yanke mana.

Jakar ba ita ke yanke hukunci ba. Akwai ƙaramar kwamfuta a tsakiyar mota, galibi kusa da giya, ɗaure da ƙarfen jikin motar. Cikinta akwai sensa mai auna yadda gudu ya ragu farat ɗaya. Wasu sensa suna gaba kusa da lagireto, wasu a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, wasu motocin har cikin ƙofa suna da mai jin matsin iska idan an bugo daga gefe. Kwamfutar ba ta karɓar shaidar sensa ɗaya sai wani ya gaskata shi, don haka faɗawa ƙaramin rami ko taka birki da ƙarfi ba ya tayar da jakar. In ta tabbatar karo ne, sai ta tura wuta ga sinadarin da ke cikin sitiyari, ya ƙone ya cika jakar da gas, bel kuma ya matse mutum a kujera. Kafin ƙiftawar ido an gama.

Idan aka kunna mota, fitilar SRS takan yi 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta ƙi mutuwa, kwamfutar ta ga matsala, kuma jakar na iya ƙin buɗewa ranar da ake bukatarta. Sau da yawa laifin ƙarami ne: soket ya saki a ƙarƙashin kujera, ko siririyar wayar da ke naɗe a bayan sitiyari ta tsinke, wani lokacin har hon ya daina kuka.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai mota ya ce, "Malam, kashe mini fitilar kawai." Ana yi, da ɗan resisto, ƙaramin kayan lantarki, ake ruɗar kwamfuta ta zaci jakar tana nan, alhali sitiyarin fanko ne. Ni ba na yi, domin wanda zai sayi motar gobe zai ɗauki iyalinsa yana zaton akwai kariya.

Yarana kuwa, dokar farko ita ce kada su taɓa soket mai ruwan ɗorawa, wato na jakar iska, sai sun cire batir sun jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, saboda kwamfutar tana ajiye wuta a cikinta ko da batir ya fita.