Jan fenti a bayan taya

Jan ƙarfen nan da ake hangowa ta cikin janti, wato ƙarfen da ake ɗora robar taya a kai, a wasu motocin samarin Damagaram fenti ne kawai, ba ya ƙara wa birki komai. Ƙarfen shi ne wanda ke rungume da faifan birki, yana matse shi idan direba ya taka, kanikawa na ce masa etiriye. Yayin ya samo asali ne daga motocin tsere da na masu hannu da shuni. Kamfanin Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961, ya yi suna da jan birki, haka ma Porsche, wadda ke sa ruwan ɗorawa a birkinta na musamman mai tsada. Mu kuwa a nan tsohuwar Corolla ce ko Starlet, sai a nemo gwangwanin fenti a kasuwar Dole a ce a yi mata irin na Turawa.

Ina koyon kanikanci a wani gareji, kuma maigidana ba ya karɓar wannan aiki, yana cewa wasan yara ne. Saboda haka a gida nake yin sa, a ƙofar zaure, na fara da motar yayana, daga nan abokansa suka riƙa kawo nasu. Na ɗauke shi aikin neman kuɗin shayi, amma ya koya mini birki fiye da yadda kallon hannun maigida ya koya mini.

Tun kafin a taɓa fenti akwai maganar ɗaga mota. Ƙasar unguwanninmu rairayi ce, jak na nutsewa a hankali ba tare da ka lura ba. Sai an shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a sa wa motar abin tokare na ƙarfe, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, farat ɗaya yake fashewa. Idan an kwance etiriye daga mazauninsa, a ɗaure shi da waya a rataye, kada a bar shi yana lilo a jikin tiyon man birki, domin tiyon na iya ciwo daga ciki alhali waje lafiya lau. Ni ba na kwance tiyon sam. Muddin ba a buɗe shi ba iska ba ta shiga, babu kuma wahalar fitar da ita.

Wankewa ita ce aikin. Wanda ya kawo mota yana zaton zai ga an fara fesawa nan take, sai ya ga rabin yini ya tafi ina ta gurzar ƙarfe. Abin da ke jikin etiriye hawa-hawa ne: jar ƙurar hanya a sama, baƙin garin takalman birki a ƙarƙashinta ya daskare da zafi, can ƙasa kuma tsatsa, tunda na yawancin motocinmu zubin baƙin ƙarfe ne. Burushin waya ake fara sawa, sannan samfefa, ana bin lungu-lungu har sai ƙarfen ya fito toka-toka, ka shafa da farin tsumma ya dawo fari. Fenti a kan datti kamar lalle ne a ƙafar da ba a wanke ba, zai yi kyau ranar, kafin wata ya zagayo ya fara ɓarewa. Baƙin garin nan kuma ba a hura shi da baki ko da iskar famfo. Tsoffin takalman birki da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru, don haka a jiƙa shi a goge, a rufe hanci.

Abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne esansi. Ga shi a kwalabe a bakin titi, ga arha, kuma yana narkar da maiƙo nan da nan. Sai dai robobin birki ba sa shiri da duk abin da aka samo daga man fetur, ko esansi ko gazuwal ko baƙin mai. Kumbura suke yi su yi laushi, robar da ke tsare fistan, wato ƙarfen da ke tura takalmin birki ya matse faifai, kuwa in ta kumbura birki ya shiga matsala. Akwai ruwan wanke birki na gwangwani, shi ya dace. In bai samu ba, ruwa da sabulun wanke kwano, a ɗauraye da kaɗan, a bari ya bushe ƙayau. A garin da ake bin ɗan garuwa da ido, bokiti guda ya isa taya huɗu in an iya tattali.

Daga nan sai sanin inda fenti ba ya zuwa. Ba ya taɓa faifai, ba ya taɓa takalman birki ko hanyar da suke zamewa a kai, ba ya taɓa fistan da robarsa, da sandunan nan biyu da etiriye ke gudu a kansu, da ɗan notin fitar da iska. Duk sai an naɗe su da salatif da tsohuwar jarida. An taɓa kawo mana wata mota gareji, tayar gaba ta dama na ƙauri, janti ba ya taɓuwa don zafi. Da aka cire taya sai ga ja ko'ina, har kan roba, har gefen faifai, an fesa ne ta cikin janti ko taya ba a kwance ba. Sanda ɗaya ta ƙame, takalmin ciki ya cinye saura ƙarfe, na waje kuwa kamar jiya aka saka shi. Maigida ya ɗaga shi sama ya dubi mai motar ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan kwalliya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ne." Maigida bai ƙara magana ba, ya miƙo mini sandar ya ce in goge.

Shi kansa fentin ba kowanne ba ne. Birki da gogayya yake tsayar da mota, gogayya kuwa zafi ce. A tafiya mai nisa da kaya, etiriye na iya haura digiri 100 nesa ba kusa ba, faifan kuma ya fi haka sosai. Fentin ƙofa ko na taga yin laushi yake, ya baƙe, ƙura ta manne masa. A duba gwangwani a ga an rubuta yawan zafin da yake jurewa, na birki na gaske wasu har digiri 480 suke kaiwa. Ko shi ma man birki na cin sa. DOT 3 da DOT 4 da muke zubawa, ɗigo ɗaya in ya kwana a kan fenti sai ya tashe shi, saboda haka a sa tsumma kusa.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. A hunturu, lokacin da hazo ke rufe duwatsun Birni, ɗanyen fenti kan kwashi ƙura cikin minti biyu, ya bushe da kaushi. A Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, fentin na bushewa a iska tun bai sauka kan ƙarfe ba, ya zuba gari-gari. Lokacin da na fi samun dacewa shi ne bayan asuba kafin iska ta taso, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kare gefen da iska ke fitowa da tabarma. Shafi siriri, a jira minti 10 zuwa 15, a sake, har sau uku. Mai gaggawa ya yi shafi ɗaya mai kauri, fenti ya zubo ya daskare a haka.

A ganina babbar ribar aikin ba launin ba ne. Mutum kan yi shekaru da mota bai taɓa ganin birkinta ido da ido ba, sai ranar da kwalliya ta sa aka cire taya. A nan ake ganin robar da ta yage yashi ya shiga, da tiyon da ya tsattsage, da takalmin da bai kai milimita 3 ba, da danshin mai a gindin fistan. Idan na ga irin wannan nakan ajiye gwangwani in ce wa mai mota kuɗin fentin nan a fara sayen takalmi da shi. Wasu su yarda, wasu su ɗauki motarsu su kai wa wani.

Maidawa ba ta da wuya in an bari fenti ya kwana ya wuni. A shafa wa sandunan giris ɗin birki, ba na injin ba, a ɗaure notocin taya a gicciye, na Corolla ma'aunin ɗaurinsu Nm 103 ne ga mai sifanar awo. Kafin mota ta motsa dole a tattaka birki tana tsaye har sai ya yi tauri a ƙafa, domin in an tura fistan baya wajen aiki, takun farko ƙasa yake zarcewa ba tare da ya kama komai ba. Sannan a gwada a hankali cikin unguwa inda ba yara, a sauko a kai hannu kusa da kowane janti a ji ko wani ya fi sauran zafi, kafin a ce za a hau hanyar Mirriya ko ta Magarya.